Shekara Shida Ana Kiran Matata Juya

Sai da na nemi izinin maiɗakina kafin na zauna rubuta wannan labari, domin rabinsa nata ne, kuma ita ce ta sha mafi ɗacin abin da ke cikinsa. Ta amince bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan gyara wa kaina labarin ba. Na ɗauki alkawarin duka biyun.

An haife ni a cikin birnin Kano a shekarar 1989, a babban gida mai sassa biyar, inda tarbiyya ba ta yi ƙaranci ba. Da safe muna boko, da yamma muna Islamiyya, kuma kafin na cika shekara goma sha huɗu na karanta Ahalari da Ishmawi, na san alamomin balaga, na san abin da ke wajabta wanka, na san zina babban laifi ce. Abin da ban sani ba shi ne yadda jikina yake aiki da kuma abin da zai iya samunsa. A sakandare, ranar da muka iso babin haihuwa a darasin kimiyyar halittu, malaminmu ya zana hoto a allo, 'yan aji suka fashe da dariya, sai ya goge ya ce mu karanta a gida. Daga baya ne na ji cewa tun 2003 gwamnatin tarayya ta amince da manhajar koyar da rayuwar iyali da cutar ƙanjamau a makarantu, amma mu dai ba ta taɓa shigowa ajinmu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya da kawaici, kuma iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan wannan fanni shi ne: “Ka kiyayi abokan banza.”

Kamar yawancin samarin birni, ina fara tasawa aka fitar da ni daga ɗakin mahaifiyata zuwa shagon samari da ke ƙofar gida. Manya suna ganin an yi haka ne don kare mutuncin cikin gida, kuma da gaskiyarsu, sai dai babu wanda ya tambayi wace makaranta ake yi a wannan shago bayan sallar isha'i. Mu bakwai muke kwana a ciki, babbanmu ya kusa shekara ashirin da biyar, kuma duk abin da ya faɗa shi ne ilimi. A lokacin ne wayoyi masu ɗaukar memori suka fara yawa a hannun matasa, ana tura bidiyo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ana kallo a ƙarƙashin bargo. Iyayenmu suna can ciki sun kulle ƙofa suna ganin 'ya'yansu na gida, alhali duniya ta riga ta shigo ta aljihu.

Na gama sakandare a 2007, sakamakon jarrabawata bai yi kyau ba, sai kawuna ya ba ni babur na fara acaɓa. Wanda bai yi wannan sana'a yana ɗan shekara goma sha takwas ba zai yi wuya ya gane irin jarrabawar da ke cikinta. Kullum da kuɗi a aljihuna bayan na cire balas da kuɗin mai, babu mai tambayata inda na je tunda yawo shi ne aikina, kuma cikin wata uku na san lungunan Kano da mahaifina bai taɓa takawa ba, har da gidajen da fasinjojin dare suke sauka. A majalisarmu ta wajen mai shayi, duk wanda bai taɓa zuwa irin waɗannan gidaje ba sunansa “ustazu” ko “ɗan Hajiya”, kuma da shi ake shan shayin daren. Na jure wannan tsokana kusan shekara guda. Ba zan ce an tilasta mini ba, domin da ƙafata na je, kuma na san haramun ne tun kafin na ɗaga labulen. Amma gaskiya ita ce tsoron dariyar abokai ya fi tsoron cuta ƙarfi a zuciyata a wancan lokaci, saboda dariyar ina jin ta kowane dare, cutar kuwa ban san kamanninta ba.

Cuta ɗaya kawai muka sani, ita ce ƙanjamau, wadda muke kira kabari kusa. Rediyo ya cika mana kunne da ita, amma abin da muka ɗauka daga sanarwar shi ne mai ita ramamme ne mai tari, don haka duk macen da muka gani da jikinta mulmul muka yanke mata hukuncin lafiya. Kororon roba kuwa sayensa ma abin kunya ne, domin mai kemis ɗin unguwa ya san mahaifinka, sannan a majalisa ana cewa na matsorata ne. Muna da namu rigakafin: wasu su ce ka yi fitsari nan take ka wanke da ruwan zafi, wasu su ce ka haɗiyi kafso biyu kafin ka tafi. Da wannan jahilci muke fahariya.

A daminar 2008, kwana huɗu bayan wata fita, na tashi da asuba zan yi fitsari na ji kamar ana zuba mini barkono. Da gari ya waye na ga wani farin ruwa mai kauri ya ɓata mini wando. Kwana biyu ina ɓoyewa, ina wanke kayana da kaina da dare, kafin na faɗa wa babbanmu na shago. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗata ya ce: “Sanyi ne, yanzu ka zama namiji.” Ya aike ni wani kemis a wata unguwa mai nisa inda ba a san ni ba.

Har yau ina iya ganin wurin. Ƙaramin shago ne mai kanta ta gilashi, da benci a bayan wani koren labule inda ake yin allura, ga warin sifirit da na janareta. Na tsaya gefe sai da wata mata mai sayen maganin tari ta tafi, sannan na sunkuya na ce a hankali ina da sanyi. Mutumin bai ɗago ya dube ni ba, bai tambaye ni tun yaushe ba, bai tambayi ko akwai wadda ya kamata ita ma a yi mata magani ba. Tambaya ɗaya ya yi: “Nawa ne a hannunka?” Na ce naira ɗari biyu. Ya ƙirgo kafso ja da yalo, ya haɗa da ja da baƙi da wasu fararen ƙwayoyi, ya ƙulle a 'yar leda ya ce in sha safe da yamma. Na kwana uku ne. A rana ta uku zafin ya ragu, ruwan ya ɗauke, na yi hamdala na ɗauka an wuce wurin.

Bayan mako biyu sai marainata ta hagu ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, hawa babur ya gagare ni. Mahaifiyata ta ce shawara ce, ta dafa mini sassaƙe, ni kuwa na bar ta a haka domin ba ni da bakin da zan gyara mata. Na aika aka sayo mini wani jiƙo a galan daga masu tallar magani da lasifika a tasha, irin waɗanda suke lissafa sanyi da basir da ƙarfin maza a numfashi ɗaya. Kwana goma na yi a kwance, kumburin ya sauka da kansa, ya bar wani ɗan ƙulli mai tauri a baya wanda ban ƙara kula shi ba. A 2009 abin ya sake faruwa, na koma kemis ɗin nan, aka sake ƙirgo mini kafso, kuma a wannan karo ta dama ce ta kumbura.

Abin da ya tsayar da ni ba ciwona ba ne. A 2010 wata yarinya a layinmu, wadda ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba, ta rasu bayan kwana biyu tana zubar da jini a ɗakin uwarta. A wajen zaman makoki zazzaɓi aka ce, amma mu 'yan majalisa mun san ciki ne aka yi ƙoƙarin zubarwa a ɓoye, mun kuma san wanda ya kai ta, domin da shi muke shan shayi. Ya zo ya yi gaisuwa tare da mu, ya ɗaga hannu aka yi addu'a. Na dubi fuskarsa a wannan rana na ga babu abin da ya raba ni da shi sai ƙaddara. Daga nan na janye jiki daga majalisar, na tuba, kuma na ɗauka cewa da tubar komai ya shafe, har abin da ke cikin jiki.

A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Na sayar da babur na kama ɗan teburin kayan waya a kasuwar Farm Centre, Allah ya sa wa abin albarka, a 2014 na yi aure. Yarinya ce 'yar mutunci, ɗiyar aminiyar mahaifiyata, ta zo gidana tana da shekara goma sha tara.

Shekarar farko babu wanda ya ce komai. A ta biyu aka fara tambayarta ko tana shan wani abu ne. A ta uku mahaifiyata ta fara aiko da rubutu da saiwoyi, gwaggonnina kowacce da malaminta, ita kuwa tana karɓa tana sha ba musu, wani ya sa ta amai, wani ya sa ta gudawa har ta galabaita. Duk wanda ta je wurinsa sai ya ce sanyi ne ya yi mata yawa, wata ma ta ce a banɗakin haya ta ɗauka. Wannan kalma ta sanyi, a ganina, tana cikin abubuwan da suka fi cutar da mu, domin mun mayar da ita buhu muna zuba komai a ciki: ƙaiƙayin da kowace mace kan iya samu ba tare da namiji ya kusance ta ba, da ciwon mara, da ciwon gaɓoɓi, da cututtukan da ba a ɗaukarsu sai ta saduwa. Tunda sunan ɗaya ne, mai laifi yana samun wurin ɓuya, marar laifi kuma tana shan zargi da maganin da ba nata ba.

Sau uku na kai ta asibiti a waɗannan shekaru, kuma duk ukun a waje na zauna ina danna waya. An ɗauki jininta, an yi mata hoton ciki, an yi mata wani hoton mahaifa da ake tura ruwa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, wanda ta fito daga ɗakinsa tana dafa bango saboda azaba. Duk sakamakon ya nuna lafiyarta ƙalau. Wani likita ya rubuta a takarda cewa a zo da miji, na karanta na ninke na sa a aljihu, na ce mata ni ban da matsala, ai ita shaida ce. A wajen wani suna a gidanmu ta ji da kunnenta wata daga cikin dangina tana cewa an kawo mana juya, ta dawo gida ba ta faɗa mini ba sai bayan shekara biyu. A 2019 mahaifiyata ta kira ni ta ce ta yi haƙuri iya haƙuri, in nemi ta biyu, har ta nuna mini gidan da za a je. Na fara zuwa zance. Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne a duk tsawon wannan lokaci ƙullin nan yana nan, ina jin sa duk ranar da na yi wanka, kuma wani sashe na zuciyata ya san abin da nake gudu.

A ƙarshen 2020 muka je wurin wata likitar mata, dattijuwa mai farin gilashi, wadda ta duba takardun matata ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce a kira ni ciki. Ta ce: “Malam, na ga gwajin baiwar Allah nan har kashi uku, ban ga naka ko ɗaya ba. Ba zan ƙara rubuta mata ko farasitamol ba sai na ga naka.” Na fara kawo mata zancen cewa ni lafiyayye ne, ta katse ni cikin natsuwa ta ce ƙarfin namiji daban, haihuwa daban, kuma a cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, kusan rabi akwai hannun matsalar namiji a ciki. Aka ba ni 'yar roba mai murfi, aka ce in ƙaurace wa iyali kwana uku in kawo. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar da na miƙa wannan roba ta taga ba, sai kuma na tuna wadda ta shekara shida tana hawa gadon gwaji ana buɗe ta.

An ce ana son a ga ƙwayoyin haihuwa aƙalla miliyan 15 a kowace mililita ta maniyyi. A nawa ba a ga ko ɗaya ba. Aka maimaita bayan makonni, sakamakon bai canja ba. Likitan mafitsara da aka tura ni wurinsa ya duba ni, yatsansa ya sauka daidai kan ƙullin, ya tambaye ni ko na taɓa yin kumburi a wurin. A nan ne, karon farko cikin shekara goma sha biyu, na ba wani mahaluki labarin kemis da kafso.

Ya ɗauki biro ya zana mini. Ya ce maraina ne ke ƙera ƙwayoyin, daga nan su bi ta wani siririn bututu da ke naɗe a bayan kowace maraina, wanda in da za a warware shi zai kai kusan mita shida. Ƙwayar cutar gonoriya, wato sanyin da ya kama ni, da 'yar uwarta kilamidiya da sau da yawa suke tafiya tare, idan ba a kashe su gaba ɗaya ba sukan gangara su shiga wannan bututu, ya kumbura, in ya warke ya bar tabo, tabon kuma ya toshe hanya. Nawa ya toshe ta hagu a 2008, ta dama a 2009. Ruwan da namiji ke gani yawancinsa daga wasu gaɓoɓi yake fitowa, shi ya sa mutum zai shekara ashirin bai ga wani canji ba. Ya ce irin kafson da aka ba ni gonoriya ta daɗe da daina jin su a wurare da yawa, ga shi kuma na kwana uku ne, don haka sun kwantar da alamar ne suka bar cutar tana aiki. Yanzu allurar seftiriyazon ake yi, a haɗa da maganin kilamidiya, kuma dole a yi wa abokin tarayya magani tare. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah cutar ta mutu kafin aurena, domin a jikin mace sau da yawa ba ta nuna alama ko kaɗan har sai ta toshe hanyoyin ƙwai, ko ta sa ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan yi kisa. A nan na tuna matan da na sani a wancan zamani, waɗanda babu wanda ya taɓa komawa ya ce musu su nemi magani.

Kwana biyar takardar tana aljihuna. A dare na shida, bayan mun ci abinci, na ajiye ta a gabanta na faɗa mata komai tun daga shagon samari. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce: “Yaya, da ka sani, ka bar ni ina shan saiwoyin nan?” Na ce ban tabbatar ba, amma na yi zargi. Ta ce zargin ma ai ya isa. Washegari ta tafi gidansu, ta yi wata guda, ni kuwa na aika mata cewa in ta zaɓi rabuwa ba zan riƙe ta ba, domin haihuwa haƙƙinta ce kuma shari'a ba ta ɗora mata zama da ni dole ba. Ta dawo da sharaɗi guda, wato in je da bakina in faɗa wa mahaifiyata da gwaggonnina a inda matsalar take.

Wannan ya fi gwajin wuya. Na durƙusa a gaban mahaifiyata na ce: “Hajiya, ba daga ita ba ne, daga ni ne.” Ta ce a'a, a danginmu babu wannan, asiri ne aka yi mini. Sai da na tuna mata shawarar da ta dafa wa sassaƙe a 2008 sannan ta yi shiru, ta juya fuska, ta ce in tashi in ba ta wuri. Bayan kwana uku ta sa mayafi ta zo gidanmu da kanta, abin da ba ta saba yi ba, ta shiga ɗakin surukarta suka rufe ƙofa. Ban san abin da suka ce ba, kuma ban tambaya ba. Zancen aure na biyu dai ya mutu a ranar.

Likitoci sun ce akwai hanya, ko dai tiyatar haɗa bututun, wadda ba kullum take nasara ba, ko a zuƙo ƙwayoyin kai tsaye daga maraina a haɗa da ƙwan matata a ɗakin gwaji a mayar mahaifa, aikin da ke cin miliyoyin naira ba tare da tabbas ba. Muna tarawa a hankali. A yanzu muna riƙon ɗiyar ƙanena, wadda ta zo mana tana shekara biyu.

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da rukunin jini na sikila. Na yi murna da dokar, amma na san da tana nan a 2014 da na ci jarrabawarta da maki cikakke, domin ɓarnar da ke jikina ta riga ta auku shekara biyar kafin ɗaurin aure, kuma ba ta fitowa a wannan gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutum miliyan 82 suka kamu da gonoriya, miliyan 129 kuma da kilamidiya. Ban san nawa ne daga cikinsu samarin birane irina ba, amma na san layin da ke bayan koren labule bai ragu ba, kuma wayar da ke hannun ɗan shekara goma sha huɗu a yau ta fi tamu ta Bluetooth nisa ba kusa ba. Masu cewa yi wa yaro bayanin waɗannan cututtuka koya masa lalata ne, ina girmama niyyarsu, sai dai ni ba a yi mini bayanin ba, kuma hakan bai hana ni komai ba sai zuwa asibiti.

A watan azumin da ya wuce na lura da ɗaya daga cikin yaran shagona, ɗan shekara goma sha takwas, yana yawan zuwa banɗaki yana dawowa da gumi a goshi, yana tafiya yana buɗa ƙafa. Na bari sai da aka tashi kasuwa, na ce ya tsaya ya taya ni rufe shago. Na tambaye shi ko fitsari na yi masa zafi. Ya rantse da Allah babu komai, sai na zaro wata 'yar leda da na gani ya tura bayan kwalin caja, kafso shida a ciki, ja da yalo. Ya sunkuyar da kai ya ce: “Oga, don Allah kada Baba ya ji.” Na ce Baba ba zai ji daga bakina ba, amma gobe ƙarfe takwas ya same ni a bakin titi, kuma ya faɗa wa yarinyar ita ma tana bukatar ganin likita. Ya zo tara saura, na tsayar da adaidaita muka tafi. Ita ba ta zo ba, ya ce ta kashe wayarta.